Yadda Ake Shirya Yawon Yini Guda a Gaɓar Tekun Ailan ta Arewa, Tun Daga Kano

Duk shekara Kanawa na zuwa Birtaniya, wasu don bikin kammala karatun 'ya'yansu, wasu jinya, wasu ganin jika. Galibi daga masauki sai kanti, daga kanti sai masallaci, har ranar dawowa. Wanda tafiyarsa ta kai shi Belfast, ko yake da kwana biyu rara a Landan ko Manchester, shawarata ya ware yini guda ya bi gaɓar tekun gundumar Antrim a ƙaramar mota mai ɗan jagora. Mu da babban ruwan da muka sani shi ne dam ɗin Tiga, ganin Tekun Atalantika yana dukan baƙin dutse abu ne da ya cancanci kuɗi da wahala. Sai dai daɗin yinin ya dogara ne da tambayoyin da ka yi kafin ka biya, kuma yawancinsu tun kana Kano za ka yi su.

Na farko, duba bizarka

Tsibirin Ailan ƙasa biyu ce tun da aka raba shi a 1921. Arewaci, mai hedikwata a Belfast, yanki ne na Birtaniya, don haka bizar Birtaniya ta ishe ka. Kudanci kuwa Jamhuriyar Ailan ce, babban birninta Dablin, kuma mai fasfon Najeriya sai da bizarta daban. Abin da ke rikita baƙo shi ne babu shingen bincike a kan iyakar, mota za ta ƙetare da kai ba ka sani ba, alhali doka na nan. A intanet za ka ga ana tallar wannan yawo daga Dablin da kuma daga Belfast. Zaɓi wanda ya tashi daga Belfast ya dawo Belfast. In ka ga sunan Donegal a cikin wuraren tsayawa, to an shiga Jamhuriya, bar shi.

Daga Landan zuwa Belfast tafiyar jirgin sama ce ta awa ɗaya da 'yan mintuna. Riƙe fasfonka a jikinka ko da ana kiranta tafiyar cikin gida.

Na biyu, zaɓi wata

Daga Mayu zuwa Satumba ya fi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa wajen ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Yinin da ya gajarce haka ba ya isar wannan tafiya, ga iska, ga sanyi.

Na uku, zaɓen mota, kuma a nan ake yin ta ko a ɓata ta

Iri biyu za ka gani. Akwai doguwar bas mai ɗaukar wajen mutum 50, ita ce mai araha. Akwai kuma ƙaramar bas mai kujeru kamar 16, wadda direbanta shi ne ɗan jagora. Ta biyun ta fi tsada, amma ita nake zaɓar wa duk wanda ya tambaye ni, musamman mai tafiya da dattijo ko yara. Mutum 50 kafin su sauka su hau, su shiga banɗaki, a jira wanda ya makara, an ci rabin lokacin da aka ware wa wurin. Ƙaramar mota tana shiga ƙananan hanyoyin da babba ba ta iyawa, irin gangaren da ke sauka tashar jiragen ruwa ta Ballintoy. Abin da ya fi min muhimmanci kuma, direban mutum goma sha wani abu zai san fuskarka, za ka iya ce masa kana buƙatar minti goma ka yi salla, ya duba maka wuri.

Kafin ka biya, rubuta wa kamfanin saƙo. In Turancin bai zauna maka ba, sa yaron da za ka je wajensa ya rubuta. "Baba, ai duk iri ɗaya ne," haka zai ce. Ba iri ɗaya ba ne, ya dai rubuta.

Tambaya ta farko: minti nawa za a ba ku a Giant's Causeway, wurin ginshiƙan baƙin dutse a bakin teku? Shi ne zuciyar tafiyar, kuma ƙasa da awa ɗaya da rabi ya yi kaɗan. Kamfanin da ya jera wurare takwas ko tara a yini ɗaya, yawancinsu tsayuwar ɗaukar hoto ce kawai, a kan ainihin wurin ake rage lokacin.

Ta biyu: za a tsaya a Bushmills? Garin na da tsohuwar masana'antar giyar wuski da ke danganta lasisinta da shekarar 1608, kuma kamfanoni da yawa na kai baƙi can, wani lokaci har da ɗanɗanawa. Ba don raini suke yi ba, abin alfaharinsu ne. Kai dai ka sani tun da wuri, ko ka zaɓi wanda ba ya tsayawa, ko ka shirya zagaya gari kafin su fito.

Ta uku: kuɗin ya haɗa da tikitin ƙetare gadar igiya ta Carrick-a-Rede, ko daga nesa za a nuna muku ita? Da yawa daga nesa ne, ba sa faɗa sai ka tambaya. Sannan ka ji inda za a ɗauke ku, da ƙa'idar mayar da kuɗi in ka fasa. Wasu tafiye-tafiyen an gina su ne kacokan a kan wuraren da aka ɗauki wani shahararren fim mai dogon zango. In ba ka kalle shi ba, yini guda za ka yi ana ba ka labarin mutanen da ba ka sani ba, saboda haka karanta jadawalin da kyau.

Na huɗu, sutura

Ko a tsakiyar bazararsu zafi ba ya cika wuce digiri 18 a bakin teku, kuma ruwa na iya sauka sau uku rana ta fito sau uku kafin azahar. Leƙa 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai ka samo rigar ruwa mai hular kai, da suwaita, da takalmi sau-ciki mai ƙasan roba mai kama ƙasa. Lema ba ta da amfani, iska za ta juya ta. Babbar riga a bar ta a masauki don ranar biki, iska na shiga cikinta ta yi ta jan mutum, kuma a saman dutse wannan ba abin wasa ba ne. Hular Zanna ma tashi za ta yi. Hajiya ta zaɓi hijabin da bai kai ƙasa ba, ta ɗaure shi da kyau, ta sa wando mai kauri a ciki, domin akwai matakala da jiƙaƙƙen dutse.

Na biyar, guzuri da salla

Kada ka ɗauko kilishi ko dambun nama daga gida, doka ta hana shiga da nama daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe. Sayi dabino da burodi da ruwa a Belfast tun daren jajibiri. A ƙananan garuruwan bakin teku da wuya ka sami naman halal, mafita ita ce kifi da soyayyen dankali. Shi ma tambayi abu biyu: ko an kwaɓa fulawar kifin da giya, da irin man da aka soya shi.

Yi alwala kafin ka fito, ka sa ƙaramar darduma a jaka. Alƙibla a can tana kudu maso gabas, ba gabas kamar yadda jikinka ya saba ba, duba wayarka. Daga Belfast zuwa duwatsun kusan kilomita 100 ne, don haka tambayi malaminka tun a gida game da ƙasaru da haɗa salla. In ranar Juma'a ce, ɗage tafiyar. Akwai masallaci a Belfast, kusa da Jami'ar Queen's.

Na shida, ranar tafiya

Ana tashi da safe a dawo da yamma, awa takwas zuwa goma. Isa wurin ɗauka da wuri ka tambayi direba ta ina zai fara. In ta hanyar bakin teku zai bi zuwa arewa, zauna a ɓangaren dama, nan teku zai kasance. Wannan hanya, da injiniya William Bald ya gina tsakanin 1832 da 1842 ta hanyar fasa duwatsu, tana tafiya ne teku a hannu ɗaya, tsauni a ɗayan, tana ratsa bakin kwarurruka tara na Antrim. Tana da lanƙwasa da yawa, mai jiri a mota ya sha magani tun kafin a tashi. Wasu kan fara tsayawa a tsohuwar fadar Carrickfergus da aka soma ginawa a 1177. In gari ya yi garau, za ka hango Sukotlan a ƙetaren ruwa.

Gadar Carrick-a-Rede masunta ne suka fara ɗaura ta a 1755 don su kai ga tsibirin da suke kafa tarunsu. Tsawonta mita 20, tana lilo wajen mita 30 sama da ruwa. Daga inda ake ajiye mota akwai tafiyar kimanin kilomita ɗaya da matakala masu tsayi, kuma ana rufe ta in iska ta yi ƙarfi. Wanda zuciyarsa ba ta ba shi ba kada a matsa masa, daga bakin gadar ma ana ganin tsibirin Rathlin.

Sai Giant's Causeway. Daga ginin karɓar baƙi za ka gangara wajen kilomita ɗaya, akwai 'yar motar da ke kai masu ciwon gwiwa a kan kuɗi kaɗan. Kana shan kwana sai ka ga ginshiƙan baƙin dutse kusan 40,000 a manne da juna, galibi masu kusurwa shida, suna sauka mataki-mataki har su nutse a teku. Mafi tsayinsu sun kai mita 12. Tsuguna ka sa hannu a kan guda ɗaya. Saman wani ya ɗan lotsa, ruwan sama ya kwanta a ciki, na kusa da shi kuma ya ɗan tasa, layin da ya raba su a miƙe kamar an ja shi da zare. Masana duwatsu sun ce narkakken dutse ne ya malalo shekaru miliyan 50 zuwa 60 da suka wuce, da yana hucewa a hankali sai ya takure ya tsattsage, yadda taɓon kududdufi ke tsagewa in ruwa ya janye da rani. Mutanen wurin kuma suna da tatsuniyarsu, wai wani ƙato mai suna Finn McCool ne ya shimfiɗa su don ya ƙetara ya yi faɗa da ƙaton Sukotlan. Ɗan jagora zai ba ku ita da zaƙi, ku saurara. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1986.

Roƙona a nan, kada ka ƙarar da lokacin a hoto. Ɗauki biyar ko shida, mayar da wayar aljihu, ka sami dutse busasshe ka zauna ka yi tasbihi. Kada ka taka duwatsun da suka yi baƙi wuluk kusa da ruwa, santsi gare su, kuma igiyar ruwa kan taso ba zato. Riƙe hannun yara. Za ka ga tsabar kuɗi da baƙi suka cuccusa a tsagar duwatsu. Kada ka yi, hukumar National Trust da ke kula da wurin ta roƙi a daina, domin ƙarfen na tsatsa ya kumbura ya farfasa dutsen. Taka duwatsun kyauta ne, ginin baƙi da wurin ajiye mota ake biya.

A hanyar dawowa akan tsaya a kangon fadar Dunluce da ke tsaye a bakin wani tsauni, da kuma Dark Hedges, layin itatuwan da aka shuka wajen 1775. Minti goma sha biyar ya isa kowannensu. Komawa mota a kan lokacin da direba ya faɗa wajibi ne, ƙarfe 2 a wajensu ƙarfe 2 ne.

Na ƙarshe, kafin ka bar Belfast

Kada ka sayi tikitin jirgin da zai tashi a daren ranar, cunkoso ko ruwa na iya makarar da ku. Sannan ka duba canjin da aka ba ka. Fam ake kashewa a can, amma bankunan Ailan ta Arewa irin su Ulster Bank da Danske Bank suna buga takardun kuɗinsu masu zane daban. A Ingila ma wasu kantuna na ƙin karɓar su, balle 'yan canji a Wapa. Kashe su a can, ko ka nemi a musanya maka da na Bankin Ingila kafin ka hau jirgi.