Yadda Ake Gane Ko Jinyar Tamowa Tana Ci

A ƙauyukanmu na Gadarif da Sinnar a Sudan sai ka ji ma'aikacin asibiti yana bugun ƙirji: "Bana mun raba katan kaza na Plumpy'Nut." Plumpy'Nut shi ne abincin gyaɗa da ake ba yara masu tamowa. Amma wannan lissafin sito ne. Yara nawa suka warke? Ga yadda za ka samo amsar.

Fara da awon dantse, ga yaro mai wata 6 zuwa 59. Nemi tsakiyar dantsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a sake hannun ya sauko, ka zagaya tef ɗin awo mai launi uku ba matsewa ba sako-sako. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa. Daga 12.5 kore. Rubuta lambar, kada ka tsaya ga launi, don yaro mai 10.2 da mai 11.4 duk ja ne, amma halinsu ba ɗaya ba.

Sai ka danna saman ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In gurbin ya zauna a duka biyun, kumburi ne, yana cikin masu tsanani ko me tef ya ce.

Duk zuwan da ya yi a maimaita awon, tare da nauyi. Ba a cewa ya warke don uwa ta ce "ya fara wasa". Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 ta ce sai dantse ya kai 12.5, kuma a yi mako 2 babu kumburi.

Ranar fita, kowane yaro gida ɗaya yake shiga a littafi: ya warke, ya rasu, ya daina zuwa, ko bai warke ba. Ƙarshen wata ka raba kowane gida da jimillar waɗanda suka fita, ba waɗanda aka karɓa ba. A ce 40 suka fita, 31 sun warke: kashi 77.5 cikin ɗari kenan. Ma'aunin Sphere na masu aikin agaji yana son warkewa ta haura kashi 75, mutuwa ƙasa da 10, daina zuwa ƙasa da 15.

Gidan "ya daina zuwa" shi na fi tsoro. Lokacin yankan riɗi iyaye suna gona, ga kuma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa iyalai. Wani yaron an binne shi a gida, littafi bai sani ba, sai adadin mutuwa ya fito tsaf alhali ƙarya ce. Saboda haka tun ranar farko ka tambayi uwar: "Baiwar Allah, a wace unguwa kike, gidan wa za mu tambaya?" In sun tsallake zuwa, a tura ɗan sa-kai ya je ya gani da idonsa, sannan a gyara littafin da abin da ya tarar.