Darasi na Tara: Injin da Aka Ce Ba Ya Shan Mai

Ran nan bayan mun tashi daga aji, wani dattijo cikin ɗalibanmu, tela ne, ya tsaya ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Malam, duba mini wannan, yarona ne ya turo. Wai janareta ne, ba fetur, ba gas, ba sola. Mai shi ya ce in tura rabin kuɗi ya haɗa mini nawa." Na ce, "Baba, kada ka tura ko kwabo tukuna. Ka bari mu yi darasi a kansa."

Ga abin da ke cikin bidiyon. An kafe moto irin na injin ban ruwa a kan katako, an haɗa shi da altanetar mota, wato injin da ke cajin batirin mota, da bel, a tsakiyarsu ga faifan ƙarfe mai nauyi. Wayar da ta fito daga altaneta ta koma cikin moton. Mutumin ya jona wuta, injin ya tashi, sai ya zare soket. Injin ya ci gaba da juyawa, ƙwai uku suna ci. Wanda yake kwana cikin zafi, kuma ya ga yadda fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, dole ransa ya biya. Ban ga laifin Baba ba.

Daga ina wuta take zuwa?

Duk wutar da ka taɓa gani tana da uwa. Ta madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, nauyin ruwan Kogin Neja ne yake juya injinanta. Ta janareta daga fetur take. Ta sola daga hasken rana. Fitilar keke mai dainamo kuwa, cinyarka ce take biya. Inji ba ya ƙirƙirar ƙarfi, juya shi kawai yake yi daga wata siffa zuwa wata.

Kai ma ka san wannan da kunnenka. Janareta yana aiki lafiya, sai uwargida ta jona dutsen guga, nan take ka ji ya yi nishi, muryarsa ta canza. Dutsen ya nemi wuta mai yawa, juyin ya yi nauyi, injin ya ƙara zuƙar mai. To injin da ke cikin bidiyo, idan aka ɗora masa kaya, me zai zuƙa?

Masu shi suna cewa moto ya juya altaneta, altaneta ya ciyar da moto, ragowar kuma taka ce. A nan lissafin yake karyewa. Ɗauki naira dubu goma ka je wajen mai POS ka saka a asusunka, ya cire caji. Ka cire kuɗin, ya sake cire caji. Ka yi ta sakawa kana cirewa har yamma. Za su ƙaru? Haka wuta take a wannan zagaye. Moto yana ɗaukar cajinsa, bel yana ɗauka, boris yana ɗauka, waya tana ɗauka. Taɓa jikin moton bayan minti goma, zafin da ka ji shi ne cajin. Altanetar mota ma ɓarnarsa ba kaɗan ba ce, yakan mayar da kusan rabin ƙarfin da aka ba shi zafi. Faifan ƙarfen nan mai nauyi yana riƙe juyi na ɗan lokaci, shi ya sa injin ba ya tsayawa nan take, amma ajiya ce aka ba shi, kuma tana ƙarewa.

Wasu sukan jera maganaɗisu a kan fanka su ce shi ne sirrin. Maganaɗisu yana jan ƙarfe idan ya doso shi, gaskiya ne. Amma da ƙarfen ya zo wucewa, sai ya riƙe shi ta baya da irin ƙarfin da ya jawo shi. Abin da ya ba ka a shiga, ya karɓe a fita.

Maganar ta tsufa

Tun wajen shekarar 1150 wani masanin lissafi na Indiya, Bhaskara, ya siffanta wata ƙafa irin ta keke mai zaiba a ciki wadda ya zaci ba za ta daina juyawa ba. A 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa da ke Paris ta yanke shawarar daina duba irin waɗannan injina. A 1813 wani mutum mai suna Charles Redheffer ya baje nasa a birnin New York na Amurka, yana karɓar kuɗin kallo. Injiniya Robert Fulton ya je, ya lura juyin ba daidai yake tafiya ba, kamar na abin da hannu ke murzawa. Ya ɓamɓare wasu siraran katakai, sai ga tsirkiya ta bi ta bango ta hau ɗakin sama. A can aka tarar da wani tsoho zaune, yana murza hannun injin yana cin burodi. Yau ɓoyayyen batir ne ko siririyar waya a ƙarƙashin tebur suka gaji tsohon nan.

Ba duk mai wannan gwaji ne macuci ba. Akwai samari masu basira, masu gyaran fanka da rediyo, da suke kashe kuɗinsu da barcinsu da zuciya ɗaya. Yawanci wuri guda suke tuntuɓe. Yaro ya sa mita ya ga bolt ya hau, ya yi murna, alhali bai ɗora wa injin kaya ba. Bolt kamar tsawon tankin ruwa ne. Tanki yana iya zama a kan bene, amma ruwan cikinsa bai cika moɗa ba. Irin waɗannan yara ƙarfafa musu gwiwa ya kamata a yi, a koya musu awo, a nuna musu haɗa sola da inbata, inda hannunsu zai kawo abinci.

Gwada da hannunka

Ɗaure ƙaramin dutse da igiya a reshen bishiya. Tsaya kusa da bango ko turke, ka jawo dutsen, ka yi alama da gawayi daidai inda ya kai. Sake shi, kada ka tura. Duba dawowarsa ta farko: ya kai alamar? Ƙirga zuwa da dawowa har ya tsaya, ka rubuta adadin.

Sai lissafi. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 (abin da ake rubutawa 100Ah a jikinsa) yana ɗauke da wuta kamar haka: 12 sau 100, ya ba da wat-awa 1,200, wato wutar da za ta riƙe kaya mai wat 1,200 na awa ɗaya. Ƙwai mai wat 10 zai ci awa nawa? Raba 1,200 gida 10, ka sami awa 120 a takarda, ko da yake a zahiri ba ya kaiwa haka, kuma tatse batir ƙarƙaf yana kashe shi. Ka ga ke nan wanda ya kunna maka ƙwai na minti goma a shagonsa bai nuna maka komai ba. Batir ɗaya ya ishe shi yin haka kullum har sati.

Idan mai sayarwa ya matsa, ka ce a buɗe akwatin a gabanka a cire kowane batir. In ya ce na tayar da inji ne kawai, to a zare shi bayan injin ya tashi. A ɗauke injin daga teburinsa zuwa tsakar fili, a jona dutsen guga, a bar shi daga safe zuwa magariba, mai gyaran wuta da kai ka zaɓa yana zaune a wurin. Wanda ya ce buɗewa za ta tona sirrinsa, ka yi masa sallama da kuɗinka a aljihu. Kuma kada ka tsaya kusa da faifan ƙarfe yana gudu, don in ya kwance yana iya karya ƙafa. Batir da ake caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, a nisanta shi da ashana da murhu.

Aikin gida

Rubuta abubuwa uku da ke ba da wuta a unguwarku, da abin da kowanne yake ci. Sannan ka yi wannan lissafi: fanka mai wat 60 za ta yi awa nawa a kan batirin da muka ambata? Ka zo da amsarka, da adadin da ka ƙirga na lilon dutse, ranar aji mai zuwa.