Kafin ka sayi sabon batir wa jirgin ruwanka

In ka murɗa makulli ka ji "ƙas" kawai, injin dizal bai juya ba, fara duba kan batir.

Ɗauko waya mai kauri, haɗa baƙin kan batir da jikin inji. In ya tashi, baƙar wayar jirgin ce ta ci tsatsa.

Sitata na jan wuta sosai. Danshi da gishirin ruwa suna cin mahaɗa, fitilu su kama, amma sitata ta kasa. Kwance mahaɗar, goge da samfefa, ɗaure tam, shafa giris.

Don Allah tabbatar giya na firi tukuna kafin ka tayar da inji.

In mitar auna wutar batir ta sauka ƙasa da volt 10 yayin tayarwa, batirin ya raunana. In inji na juyawa bai kama ba, duba mai.