Idan ramin USB na kwamfutar tebur ya daina aiki

Jama'a, kafin ku ce madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe da shi, ya mutu, ku fara gano ko duk ramukan ne suka tsaya ko na gaba kaɗai. Na baya a jikin madabod suke kai tsaye, na gaba kuwa waya ce ke haɗa su da shi. Idan na baya suna aiki, a kashe kwamfutar, a buɗe akwatinta, a duba wayar: ta USB 2.0 tana zama kan fil 9, ta 3.0 kan fil 19. Sau da yawa sassautawa kawai ta yi. A danna ta a hankali, waɗannan fil ɗin ba su da wuyar lanƙwashewa.

Idan duka ne suka ɗauke, a zare wayar wuta daga soket, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 don ragowar wutar ta fita, sannan a kunna. Bai yi ba? A shiga Device Manager, wurin da Windows ke jera na'urorin kwamfuta, ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers, a cire direbobin, wato manhajojin da ke sa ramukan aiki, a sake kunnawa. Windows zai mayar da su da kansa. Amma fa linzamin kwamfuta (mouse) na USB zai tsaya da zarar an cire nasa, don haka a bar shi ƙarshe.

Ma'ajin bayanai (hard disk) na waje da ke ƙara yana ɗaukewa, galibi wuta ce ba ta ishe shi ba. USB 2.0 miliyamfa 500 yake bayarwa, 3.0 kuma 900, sai a koma shuɗin rami, wato na 3.0.

Ƙurar hunturu ma tana toshe rami. A hure ta da iska, ban da allura. Ramin da ya ƙone kuwa, katin USB na PCIe, wanda ake soka wa a jikin madabod don ƙarin ramuka, ya fi canza madabod araha.