Yadda za ka auna sabon ɗan wasa ko sabon mataimakin koci kafin ka shiga musu

Duk sanda aka buɗe kasuwar 'yan wasa haka muke a gidan kallo da majalisar mai shayi, kulob ya siyo mutum ɗaya sai kaji ana rantsuwa wai bana kofi namu ne, ko a ce mataimakin koci ya ajiye aiki sai rabin magoya baya su ɗora hannu a ka wai kulob ya mutu. Abun yana damuna gaskiya, don na ga abokai sun daina gaisawa akan irin wannan musun alhali ko wasa ɗaya ba a buga ba tukunna. To ga yadda nake bi idan labari ya fito.

Da farko ɗan uwa ka ajiye maganar kuɗin gefe. A ranar ƙarshe ta kasuwar Janairun 2011 Chelsea ta biya fam miliyan 50 ta ɗauki Torres daga Liverpool, ita kuma Liverpool ta juya ta ba Newcastle fam miliyan 35 akan Andy Carroll, a wannan kasuwar dai ta ɗauko Suarez daga Ajax akan wajen fam miliyan 23. Surutun duk akan Torres da Carroll ake yi. Torres sai a wasansa na 14 ya ga raga, da West Ham a watan Afrilu, Carroll kuwa aro aka ƙare da bayar da shi, shi kuma Suarez ɗin da ya fi araha ya zura 31 a Firimiya kakar 2013/14. Farashi yana nuna maka yadda mai siye ya matsu ne da yadda mai siyarwa ya riƙe wuya, ba ya gaya maka abinda ƙafa za tayi a fili.

Sai kuma bidiyon YouTube, wannan shine yafi cutar mu. Minti biyar na yanka da kiɗa a ƙasa kowa ma gwani ne. Ka nemi cikakken wasa ko biyu ne ka kalla, kuma ka zaɓi wanda ƙungiyarsa ta sha kashi, ka ga me yake yi idan ƙwallo bata ƙafarsa, yana dawowa baya ko tsayawa yake hannu a ƙugu. Sannan ka tsefe ƙwallayen da ake maka kuri da su. Nicolas Pepe ya ci wa Lille 22 a lig ɗin Faransa kafin Arsenal ta biya fam miliyan 72 a 2019, amma 9 daga ciki fenariti ne, kuma Lille wasan kai farmaki da gudu take yi inda fili yake a buɗe gabansa, a Ingila kuwa sai ya tarar da ƙungiyoyi sun jibge mutum goma a baya suna jiran Arsenal, ina zai yi gudun?

Duba shekaru da gajiyar jiki ma. Shevchenko yana dab da 30 Chelsea ta ɗauko shi daga Milan a 2006. Sanchez da ya koma Man U a Janairun 2018 ya yi shekara huɗu a jere yana buga wa Chile gasa lokacin da wasu ke hutu, ya ƙare da ƙwallo 5 a wasa 45. Hazard kuwa rauni ne ya cinye shi a Madrid, ƙwallo 7 cikin shekara huɗu.

Tambayar da tafi kowacce a wajena ita ce, aikin me aka siyo shi yayi, kuma kocin yana buga irin wasan da ya saba? Lukaku a Inter su biyu ne a gaba shi da Lautaro, kocinsu Conte ya gina komai a kansa, da Chelsea ta biya fam miliyan 97.5 a 2021 sai ya faɗa tsarin koci Tuchel wanda ba haka yake ba, shekara ɗaya ya koma Inter aro. In ka kasa faɗin wurin da zai tsaya da wanda zai koma benci saboda shi, to ka dakata da murna.

Batun masu taimaka wa koci kuma nan ne muke yawan yin kuskure ta ɓangare biyu. A Afrilun 2018 mataimakin koci Buvac ya bar Liverpool bayan shekara 17 yana tare da koci Klopp, mutumin da ake kira ƙwaƙwalwar Klopp, mutane da yawa suka ce shikenan asiri zai tonu. Lijnders, wani mataimakin Klopp, ya dawo aka ci gaba da aiki, Liverpool ta ɗauki kofin zakarun Turai a 2019 ta ɗauki Firimiya a 2020. A ɗaya ɓangaren kuma lokacin da Arsenal ta ɗauko Nicolas Jover daga Man City a 2021 a matsayin kocin bugun kwana da firikik ba wanda ya ɗaga kai a majalisa, yanzu kuwa in Arsenal ta samu kwana kowa gyara zama yake. Haka aka yi ta dariya da Liverpool ta ɗauki Gronnemark kocin jifa a 2018. Don haka kar ka tambayi ko sunansa sananne ne, ka tambayi wane ɓangare aka damƙa masa, sai ka sa ido akan wannan ɓangaren kawai. In kocin kwana ne ka ƙirga ƙwallo nawa kuka ci da nawa aka zura muku ta kwana a wasa goma, ka gwada da goman baya. In kocin gola ne ka duba yadda golanku ke fitowa kama kuros da yadda yake raba ƙwallo da ƙafa.

Sannan ka bada lokaci malam. Henry ya yi wasa takwas a Arsenal a 1999 bai ci ko ɗaya ba, Salah da De Bruyne duk Chelsea ta sallame su ana ganin basu da amfani. Ni ma'aunina wasa 15 ne, in kuma daga wata ƙasa ya zo ko bai yi atisayen share fagen kaka da ƙungiyar ba sai in ƙara masa har zuwa bayan Disamba. Ranar da aka sanar da shi na kan rubuta a wayata abinda nake tsammani daga gare shi, wurin da zai buga da ƙwallo nawa, sai wasa 15 ɗin sun cika in buɗe in duba.