Yadda Ake Gano Dalilin Zafin Injin Tsohuwar Fijo 504 da Gyara Shi

Har yanzu ana ganin Fijo 504 a titunan Katsina da Daura, motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN na Kaduna ya shafe shekaru yana harhaɗa ta. Mota ce mai juriya, amma idan bazara ta kama tsakanin Maris da Mayu, zafin rana ya haura digiri 40, duk wani rauni da ke cikin hanyoyin ruwanta sai ya fito fili.

Da zarar allurar zafi ta doshi ja, a sauka gefen hanya, a kashe injin, a ɗaga bonet, a jira aƙalla rabin sa'a. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa, domin ruwan a matse yake, zai yi tsartuwa ya ƙone fuska da hannu. Haka kuma kada a kwara wa injin ruwan sanyi, saboda kan silindar wannan mota na alminiyom ne, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Kafin a taɓa sifana, a lura da lokacin da zafin yake tasowa, domin rabin binciken a nan yake. Idan a cikin cunkoson gari ne motar ke yin zafi, amma ta huce da an hau babban titi, to iska ce ba ta ratsa lagireto yadda ya kamata. A duba fanka, a danna fambel da babban yatsa, idan ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko ya nuna tsagewa, a ɗaure shi ko a sauya. A kuma wanke ƙurar hunturu da ta liƙe a jikin lagireton, ana feso ruwa daga ɓangaren injin zuwa waje. Idan kuwa sai an miƙe hanya, kamar daga Katsina zuwa Daura, sannan allurar take hawa, galibi ruwan ne ba ya zagayawa sosai. Bayan injin ya ɗumama an kashe shi, a shafa jikin lagireton a hankali, duk inda aka ji sanyi alhali kewayensa da zafi, a nan ya toshe. Ruwan rijiya da ake yawan zubawa shi ke tara tsatsa da farin daskararren datti a cikin siraran bututun, kuma maganinsa a kai wa masu gyaran lagireto su buɗe su zuge shi, daga nan a riƙa amfani da ruwan lagireto na musamman da ake sayarwa a galan.

Sauran abubuwan dubawa ba su da wuya: tiyo da ya kumbura ko yake yoyo, famfon ruwa da ke ɗiga ko yin ƙara, da robar murfin lagireto da ta cinye, wadda ke sa ruwa ya tafasa da wuri.

Batun tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya ɗumama, yana bukatar tsayawa, domin bakanikai da yawa suna cire shi su yar, suna cewa na ƙasashen sanyi ne. A ganina wannan ɓoye cuta ne kawai, kuma injin da ke daɗewa bai ɗumama ba da safe ya fi shan mai da saurin cinyewa. Gwada shi abu ne mai sauƙi: a saka shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, idan yana da lafiya zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, idan ya ƙi buɗewa a sayi sabo. A sa bakanike ya duba taimin ma, wato saitin lokacin da fulogi ke ba da wuta, domin idan ya yi baya injin yana ɗaukar zafi ko da komai na ruwa lafiya lau yake.

Abu na ƙarshe da za a zarga shi ne gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da gangar injin, tunda shi ya fi cin kuɗi. Alamominsa su ne farin hayaƙi daga salansa bayan injin ya ɗumama, kumfa da ke tasowa a bakin lagireto, da baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara. Idan an tabbatar, a sauke kan silinda, a auna ko ya lanƙwashe, a goge shi a wurin masu inji kafin a ɗora sabon gasket, sannan a ɗaure kusoshin bi da bi daga tsakiya zuwa gefe, gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya ƙayyade.