Yadda na samu jami'ar da ta karɓi tsofaffin kwasa-kwasaina

Shekara biyu na yi a wata kwaleji a Amurka kafin aiki ya raba ni da karatu. Da na tashi yin digiri ta intanet a fannin kula da bala'o'i da agajin gaggawa, jami'ar da na fara nema ta ce kiredit (ma'aunin yawan karatun da ɗalibi ya kammala) 18 kacal za ta karɓa cikin 60 da na tara. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ashe wani ɓangaren matsalar lissafi ne. Kwalejina tsarin kwata (raba shekara zango huɗu) take bi, jami'ar kuwa simesta, kuma kiredit ɗin kwata kashi biyu bisa uku ne na simesta. Ke nan 60 ɗina 40 ne tun asali. Sauran kuma sun zube ne saboda sunan kwas kawai suka gani a takardar sakamako, ba su san abin da aka koyar a ciki ba.

Sai na koma tsohuwar kwalejin na karɓo manhajar kowane kwas. Na tura wa jami'o'i uku waɗanda hukumomin tantance jami'o'i suka amince da su, na ce a ba ni sakamakon dubawa a rubuce kafin in biya kuɗin rajista. Wannan sharaɗin shi ya fi komai amfani, domin alkawarin baki a waya ba ya shiga fayil.

Ɗaya ta amince da 37. Kwas guda ta ƙi, wanda na samu ƙasa da C. Darussan FEMA (hukumar agajin gaggawa ta Amurka) na kyauta da na yi a wurin aiki ma an lissafa mini wasu. Digirin kiredit 120 ne, kuma na riga na fara zangon farko.